Saura mako uku gwajin tuƙin babbar mota, amma sauya giya daga huɗu zuwa biyar ya gagare ni

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena direbobi da ke wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sakat, ga shi kuma lokaci yana ƙure mini. Shekara tara ke nan ina tuƙa ƙaramar mota mai giyar hannu, har na ɗauka babu sauran abin da kuloci da giya za su koya mini, sai da na hau babbar mota na gane ashe da sauran rina a kaba. Yau kwana goma sha biyu ina koyo, kuma saura mako uku a yi mini gwajin lasisin rukunin C, wato na motar kaya da nauyinta ya haura kilo 3,500, da niyyar idan na samu in nemi CE daga baya domin jan tirela.

Motar da nake koyo da ita tana da giya takwas na gaba, amma gurabe huɗu ne kawai a sandar giyar, sai wani maɓalli a gaban sandar wanda idan yana ƙasa kana cikin ɗaya zuwa huɗu, idan ka ɗaga shi sama gurabe huɗun nan su zama biyar zuwa takwas. Akwai kuma wani ƙaramin maɓalli a gefe, wanda malamina ya ce in manta da shi tukuna. A miƙaƙƙiyar hanya ba ni da wata damuwa daga ɗaya zuwa huɗu, haka ma daga biyar zuwa takwas. Inda gizo ke saƙar shi ne tsallakawa daga huɗu zuwa biyar, da kuma dawowa daga biyar zuwa huɗu idan na doshi shataletale. Wani lokaci giyar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, wani lokaci kuma ta ƙi shiga sam, motar ta zauna a firi tana tafiya, ni kuma in ruɗe, in sunkuyar da kai ina kallon sandar giya maimakon hanya.

Shekaranjiya abin ya fi muni. Na tsaya a danja, na manta ban mayar da maɓallin ƙasa ba, da aka ba mu hannu na saka sandar a gurbin da nake zaton giya biyu ce, alhali shida na saka. Motar ta yi girgiza sau biyu ta mutu a tsakiyar mahaɗa, na baya suna ta danna oda, na tayar da ita na sake yin kuskuren nan dai, sai da malamina ya miƙo hannu ya danna maɓallin da kansa.

Tambayoyina uku ne. Shin dole ne in koyi taka kuloci sau biyu, kamar yadda wani dattijo ya gaya mini, ko kuwa sau ɗaya ya wadatar? Ta yaya direba ke sanin daidai lokacin da giya za ta shiga ba tare da ƙara ba? Sannan me jami'in gwaji ya fi sa wa ido game da giya, domin in san inda zan fi ba da ƙarfi a ɗan lokacin da ya rage? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Tirela:

Wa alaikumus salam, yaro. Kwantar da hankalinka, babu direban babbar mota da bai taɓa kashe mota a mahaɗa ba, wanda duk ya ce maka bai taɓa ba ya manta ne kawai.

Abin da ya kamata ka fara cirewa daga ranka shi ne tunanin cewa hannu ne ke saka giya. A ƙaramar mota kana iya tura sandar da ɗan ƙarfi ta shiga ko da lokacinta bai yi ba, domin ƙarafan da ke ciki ƙanana ne. A babbar mota haƙoran da ake son su haɗu manya ne masu nauyi, ɗaya yana juyawa da gudun inji, ɗayan yana juyawa da gudun taya, kuma ba za su rungumi juna ba sai gudunsu ya zo ɗaya. Idan ya zo ɗaya, da yatsu biyu ma giyar za ta faɗa, idan kuwa bai zo ba, ko da hannu biyu ka tura, ƙarar nan da kake ji ita za ka samu. Saboda haka ƙafarka ta dama da kunnenka su ne masu aikin, hannu ɗan aike ne kawai.

Ka dubi agogon juyin inji da ke gabanka. Injin gas (wato dizal) na babbar mota ba ya son ihu irin na injin fetur. A silo yana juyawa wajen sau 600 a minti, kuma ƙarfinsa na jan kaya yana tsakanin 1,000 zuwa 1,500, shi ya sa za ka ga an shafa wa wannan yankin koren launi a agogon. Idan kana hawa giya, ka bari allurar ta kai wajen 1,500, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci ka fitar da sandar zuwa firi, ka saki kuloci, ka jira allurar ta sauko wajen 1,100, sannan ka sake taka kuloci ka saka giya ta gaba. Idan kuma saukowa za ka yi, lissafin juyawa yake yi: ka rage gudu da birki har allurar ta sauko wajen 1,000 ko 1,100, ka fita zuwa firi, ka saki kuloci, ka ɗan ba ta wuta allurar ta tashi wajen 1,500, ka taka kuloci ka saka giyar ƙasa. Wannan shi ne taka kuloci sau biyu da dattijon ya gaya maka, kuma gaskiya ya faɗa. Dalilin sakin kuloci a firi shi ne injin ya samu damar juya ƙarafan cikin giyabos da irin gudun da kake so, domin idan kuloci na ƙasa, ko ka taka totur har ƙarshe, injin shi kaɗai yake ihunsa, ƙarafan ba su san ana yi ba.

Lokacin da nake yaron mota, maigidana ba ya barin in kalli agogon ma. Yakan rufe shi da tsumma ya ce in saurari injin, idan na ji muryarsa ta yi kauri ta koma gurnani to ya sauko, idan ta yi siriri to ya hau. Na fi wata biyu ina niƙa masa giya kafin kunnena ya buɗe. Kai ba ka da wata biyu, don haka ka yi amfani da agogon, amma ka riƙa haɗa abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, domin a shataletale idonka na kan madubi da motocin da ke shigowa, kunnen ne kaɗai zai rage maka.

Idan kuma giya ta ɓace maka kana cikin tafiya, kada ka yi ta laluben gurabe ɗaya bayan ɗaya. Ka dubi maleji ka ga gudun da kake yi, ka tuna giyar da ta dace da wannan gudun, ka ɗaga juyin injin zuwa inda ya kamata, ka saka ta. Wannan ba zai yiwu ba sai ka haddace gudun kowace giya a motarka, saboda haka gobe ka roƙi malaminka ya ba ka miƙaƙƙiyar hanya, ka riƙe kowace giya a 1,300, ka ga abin da maleji ya nuna, ka rubuta a takarda. Ni yanzu kam, bayan shekara talatin da wani abu, sai in wuni ban taɓa kuloci ba in ba wajen tashi da tsayawa ba, amma wannan zancen wata rana ne.

Bakanike:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa game da daidaita gudun inji da na taya haka yake, kuma mu da muke buɗe giyabos muna ganin shaidarsa a jikin haƙora. Sai dai ina so in ja hankalin ɗan'uwanmu ga abu guda kafin ya tafi ya gwada, wato ya fara sanin wace irin giyabos ce a motar da yake koyo da ita, domin iri biyu ne, kuma abin da yake daidai a ɗaya ɓarna ne a ɗayar.

Irin wadda Baba ya saba da ita ita ce marar zoben daidaita gudu, kamar Eaton Fuller mai giya 9, 10, 13 ko 18, wadda ta fi yawa a motocin ƙirar Amurka. A wannan dole ne direba ya daidaita gudun da kansa, kuma tana da wani abu da ake kira birkin kuloci, wanda yake kamawa idan ka taka kuloci har ƙasa, ya tsayar da ƙarfen da ke shiga giyabos domin ka iya saka giyar tashi ko ribas lokacin da mota ke tsaye. Idan mota na tafiya ba a taka kulocinta har ƙasa, rabi kawai ake takawa, wanda kuma ya saba dannawa har ƙasa a kan gudu zai cinye birkin kulocin nan cikin ɗan lokaci, sannan giya ta riƙa yi masa gardama a tsaye.

Ɗaya irin kuwa, wadda ta fi yawa a motocin ƙirar Turai, irin su ZF mai giya 16, tana da zoben daidaita gudu a kowace giya kamar ƙaramar mota. Zoben nan tamkar ɗan ƙaramin birki ne, shi ke jan gudun haƙoran biyu ya zo ɗaya kafin su haɗu. A wannan irin, kuloci sau ɗaya ya wadatar, amma dole ne a taka shi har ƙasa, kuma a ba zoben lokacin da zai yi aikinsa: ka kai sandar bakin gurbin, ka riƙe ta da matsakaicin ƙarfi, za ka ji kamar ta tsaya na ɗan daƙiƙa, sannan ta shige da kanta. Wanda ya fizge ta da ƙarfi ya tsallake aikin zoben, shi ne ke jin ƙara. Wanda kuma yake sauya giya babu kuloci a irin wannan giyabos, zoben yake kashewa a hankali ko da bai ji ƙarar komai ba, domin ya ɗora wa ɗan ƙaramin zobe nauyin injin gaba ɗaya.

Daga bayaninka na maɓalli a gaba da wani a gefe, ina kyautata zaton taka ta biyun ce, amma ka leƙa ƙarƙashin motar, akwai ɗan faranti a jikin giyabos da aka buga sunan kamfani da lambar ƙira, ko kuma ka duba takardar da ake mannawa a cikin kan mota mai nuna zanen gurabun giya.

Game da huɗu zuwa biyar, ga abin da ke faruwa a ciki. Giyabos ɗinka a haƙiƙa biyu ce aka haɗa: ta gaba mai gurabe huɗu wadda hannunka ke sarrafawa, da wata ƙarama a bayanta mai mataki biyu, ƙasa da sama, wadda iska ke turawa. Maɓallin gaba ba ya sauya komai a lokacin da ka taɓa shi, saƙo kawai yake ajiyewa, sai sandar ta shigo firi sannan iska ta tura ƙaramar giyabos ɗin ta sauya mataki. Wannan yana ɗaukar ɗan lokaci, kuma idan ka kasa kunne za ka ji wani ɗan sauti, kamar an rufe ƙofar ƙarfe a nesa. Saboda haka ka ɗaga maɓallin tun kana cikin giya huɗu, kafin ka taka kuloci, sannan idan ka fito firi ka ɗan dakata ka ji sautin nan, sai ka wuce gurbin farko wanda yanzu ya zama biyar. Masu koyo suna yin ɗayan kuskure biyu: ko su taɓa maɓallin a makare bayan sun riga sun wuce firi, ko su ruga da sandar kafin iska ta gama aikinta. Na farkon ya fi haɗari, domin idan matakin bai sauya ba, giya ɗaya kake ƙoƙarin sakawa a gudun giya biyar, kuma in da za ta shiga ka saki kuloci, injin zai yi juyin da ya fi ƙarfinsa.

Wajen saukowa daga biyar zuwa huɗu kuma, yawancin motocin nan suna da kariya da ke hana matakin ƙasa shiga idan gudu ya yi yawa. Ƙin shigar da kake gani a bakin shataletale wataƙila ba laifin hannunka ba ne, motar ce ke gaya maka ba ka rage gudu yadda ya kamata ba. Ka kuma lura da agogon iska da safe: idan tankunan ba su cika ba, maɓallan nan biyu sukan yi nawa, kuma a motocin da iska ke taimaka wa kuloci za ka ji shi ya yi tauri. Maɓallin gefe kuwa raba kowace giya biyu yake yi, takwas su zama goma sha shida, ta yadda maimakon allura ta faɗo daga 1,500 zuwa wajen 1,050, sai ta tsaya wajen 1,250. Amfaninsa yana bayyana ne da cikakken lodi a kan hawa, kuma malaminka ya yi daidai da ya ce ka bar shi yanzu.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam Bakanike. Yau da safe na leƙa kamar yadda aka ce, giyabos ɗin mai zoben daidaita gudu ce. Na kuma gano wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba: kujerar tana baya da yawa, domin wanda ke koyo kafin ni dogo ne, ni kuma sai in hau kawai ban gyara ba, ashe idan na miƙe ƙafa ina zaton na kai kuloci ƙasa, akwai saura kamar faɗin yatsu uku. Da na jawo kujerar gaba, na kuma riƙa ɗaga maɓallin tun ina cikin huɗu ina jiran sautin nan a firi, sau goma sha ɗaya na tsallaka zuwa biyar, sau biyu kawai ta yi ƙara. Na rubuta gudun kowace giya a takarda kamar yadda Baba ya umarta. Saukowa a bakin shataletale ce har yanzu ba ta zauna mini ba, domin abubuwan suna taruwa mini lokaci guda: madubi, sigina, birki, maɓalli, kuloci, ga kuma sitiyari.

Malamin Tuƙi:

Ɗan'uwa, wannan taruwar da ka ambata ita ce ainihin matsalarka, kuma ba a giya take ba, a nisan da kake fara shiri take. Ido ne na ƙaramar mota har yanzu a kanka, kana fara tunanin shataletale sa'ad da ka kusa isa gare shi, alhali a babbar mota tun daga inda ka hango allon da ke nuna shi aikin ke farawa. Idan ka fara da wuri, abubuwa shidan nan da ka lissafa za su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa. Ka duba madubi, ka ba da sigina idan ana buƙata, ka kama layinka, ka rage gudu da birki kana cikin giyar da kake, sai gudun ya sauko inda takardarka ta nuna na giya huɗu ne, sannan ka danna maɓalli ƙasa ka sauya sau ɗaya. Ba dole ba ne ka bi takwas, bakwai, shida, biyar ɗaya bayan ɗaya, kana iya tsallakewa daga bakwai zuwa biyar, ko daga shida zuwa huɗu, muddin gudun ya dace. Abin da ake so shi ne kafin ka fara juya sitiyari giya ta riga ta shiga, kuloci yana sama, hannayenka biyu suna kan sitiyari. Ka tuna kuma birkin iska yana da ɗan jinkiri na kusan rabin daƙiƙa tsakanin takawa da kamawa, wanda ya saba da birkin ƙaramar mota yakan ji kamar bai kama ba, ya ƙara dannawa, sai motar ta yi turjiya kowa ya dungura gaba.

Game da jami'in gwaji, ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abin da ake dubawa kusan ɗaya ne. Ƙarar giya sau ɗaya ko sau biyu ƙaramin kuskure ne a wurin yawancinsu, ba shi ke kayar da mutum ba. Abin da ke kayarwa shi ne abin da ƙarar ke jawowa: ka sauke ido daga hanya, motar ta kauce daga layinta, ko ka bar ta tana tafiya a firi ko da kuloci a ƙasa na tsawon lokaci, wanda a idon jami'i yana nufin motar ba ta hannunka. Haka nan komawa baya a wajen tashi a kan hawa, da hawa kan dakalin gefen titi da tayar baya a kwana, domin tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwana ta ciki, kuma tsawon motar ne ke ƙara yawan yankewar. Idan ta mutu maka, kada ka yi gaggawa: ka ja birkin hannu, ka koma firi, ka duba maɓallin da ido, ka tayar, ka duba madubai biyu, ka tashi. Na ga waɗanda mota ta mutu musu suka ci gwaji saboda natsuwar da suka nuna, na kuma ga wanda bai yi ƙarar giya ko sau ɗaya ba ya faɗi saboda ya shiga kwana bai kalli madubin gefen da yake juyawa ba.

Maganin abin da ya same ka a danja kuwa ɗabi'a ce guda da za ka dasa wa hannunka: duk lokacin da mota ta tsaya cik, yatsanka ya taɓa maɓallin ya tabbatar yana ƙasa kafin ka saka kowace giya. Ka zauna a motar tana kashe, minti goma kullum kafin darasi, ka rufe ido, ka taka kuloci, ka riƙa bin gurabun a hankali ba da ƙarfi ba kana faɗin lambarsu da baki, har hannunka ya daina buƙatar ido.

Akwai kuma gangara, wadda ko ba a kai ka kanta ranar gwaji ba za a iya tambayarka da baki, kuma ita ce wurin da kuskuren giya ke cin rai. Ana zaɓar giyar sauka ne tun a saman tudu kafin mota ta fara zuba, kuma tsohuwar ƙa'ida ita ce giyar da ka hau da ita, ko wadda ke ƙasa da ita, da ita za ka sauka. Ka kunna birkin inji ko na salansa idan motar na da shi, kuma ka sani ya fi kamawa idan juyin injin yana sama, ba a cikin koren yankin ba. Birkin ƙafa kuma ba a ɗora masa ƙafa a bar ta, ana taka shi da ɗan ƙarfi har gudun ya ragu da kamar kilomita 8 a awa ƙasa da wanda ka zaɓa, a sake shi, idan gudun ya dawo a maimaita. Idan aka riƙe shi tun daga sama har ƙasa, diram da lainin suna yin zafin da birkin zai daina kamawa, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da motar ninkawa huɗu yake yi. Mai sakin mota a firi a gangara don tsimin mai ya zubar da taimakon injin gaba ɗaya, kuma idan gudu ya yi yawa giyar ba za ta sake karɓarsa ba.

Wata shawara da ba ka nema ba: idan wani ya ce ka sauƙaƙa wa kanka ka yi gwajin da mota mai sauya giya da kanta, irin masu I-Shift da Volvo ta fito da shi a 2001, ka fara bincika dokar inda kake. A Amurka, alal misali, wanda ya yi gwaji da irin wannan mota ana buga masa alamar E a lasisi, wadda ke hana shi tuƙa babbar mota mai giyar hannu. Tunda ka riga ka sha rabin wahalar, ni a ganina ka ƙarasa.

Baba kuma, da girmamawa, zancen sauya giya babu kuloci a bar shi a wancan ranar da kuka ce, kada yaron nan ya gwada shi a gaban jami'i.

Baba Mai Tirela:

Malam, na karɓi gyara, ai shi ya sa na ce zancen wata rana ne, kuma a irin motarsa ma ranar ba za ta zo ba tunda Bakanike ya ce zobe ne da ita. Amma ina nan a kan bakana game da ɗan ba ta wuta wajen saukowa. Ko da zobe, idan yaron ya saki kuloci a giya huɗu injin yana silo, motar za ta yi masa tirjiya kamar an ja ta da igiya ta baya, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta babu lodi, tayoyin da ke ja suna iya zamewa. Ya ɗaga allurar kafin ya saki kuloci, ya kuma sake shi a hankali. Sannan yaro, ka tambayi malaminka da wace giya ake so ka tashi ranar gwajin. Babu kaya mukan tashi da biyu, wani lokaci ma da uku a shimfiɗaɗɗen wuri, amma a kan hawa ko da lodi ka koma ɗaya, ka bar kuloci ya ɗauki motar a silo kafin ka taɓa totur, domin injin gas yana da ƙarfin yin haka, kuma yawan wuta a wajen tashi shi ke ƙona faifan kuloci.

Bakanike:

Wannan kam babu ja, Baba. Ɗaga juyin inji kafin sakin kuloci yana rage wa faifan wahala ko a wace irin giyabos ce.

Ɗan Koyo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yau mun yi awa biyu a kan shataletale uku da ke kusa da juna, muna zagayawa muna dawowa. Malamina ya sa na riƙa faɗin abin da nake yi da baki tun daga allon farko, madubi, sigina, birki, maɓalli, giya, kuma na lura idan na fara rage gudu tun daga allon, ina isa bakin shataletalen da giya huɗu a ciki har da sauran lokacin duba dama da hagu. Sau ɗaya na makara, matakin ƙasa ya ƙi shiga, sai na ƙara taka birki maimakon in yi kokawa da sandar, gudun yana sauka na ji sautin nan, ta shige. Ya ce motar gwajin za ta kasance da lodi, don haka da giya ɗaya zan riƙa tashi a kan hawa, biyu a shimfiɗaɗɗen wuri. Gobe za mu fara ribas zuwa cikin gurbin da aka kewaye da robobi, da kuma duba mota kafin tashi, musamman gwajin zubar iska, wanda har yanzu nakan rikita jerin matakansa. Malam Bakanike, idan kun samu sarari, ina roƙon ku yi mini bayanin wannan jerin dalla-dalla, tun daga cika tankuna har zuwa inda ƙararrawar ƙarancin iska ke kaɗawa.